Darasi na Bakwai: Insha'in Siffantawa (Tafiyar Jirgi a Mashigin Ruwan Midi)

Gabatarwa

Insha'in siffantawa shi ne wanda marubuci yake zana kamannin wuri ko abu da kalmomi, har mai karatu ya ji tamkar da idonsa ya gani. Ɗalibi ya nazarci wannan misali da kyau.

Misali

Mashigin ruwan Midi yana kudancin Faransa, kuma mutane ne suka haƙa shi. Piyer-Pol Rike ya jagoranci aikin daga 1666, amma rai ya yi halinsa a 1680, kafin a buɗe shi a 1681. Tsawonsa kilomita 240 ne, daga birnin Tulus zuwa gaɓar Bahar Rum. Don jigilar alkama da sauran haja aka yi shi, sai jirgin ƙasa ya ƙwace masa ciniki. A yau masu yawon shaƙatawa ne suke raya shi.

Doka ba ta yarda jirgi ya wuce kilomita 8 a awa ɗaya ba, don haka mai keke ma yakan wuce shi. Inda ƙasa ta yi tudu, jirgi yakan shiga wani gurbi mai ƙofofi biyu, a rufe, a sako ruwa har ya ɗaga shi, sannan a buɗe ƙofar gaba. Wannan jinkiri shi ne arzikin ƙananan garuruwan bakin ruwa. Matafiyi yakan ɗaure jirginsa a Kastelnodari ya ci dafaffen wake da nama da aka san garin da shi, ya kwana kusa da ganuwar Karkason, ya gangara jerin gurabun Beziye.

Sai dai mashigin yana fuskantar babbar asara. Tun 2006 wata cuta ta kama manyan itatuwan da suke yi masa inuwa, har aka sare dubbai, ana dasa wasu a madadinsu.

Kammalawa

A lura cewa marubucin ya fara da wuri da tarihi, sannan ya bi tafiyar daki-daki. Malami ya horar da ɗalibansa su fifita abin da ido ya gani a kan yabo maras hujja.

Auna Fahimta

1. Me ya sa aka ce jinkiri arzikin garuruwan ne?
2. Siffanta wata tafiya da ka yi a kwalekwale ko a mota.