Gidan Tarihin Roald Dahl: Ya Cancanci Ratse?

Wata mai sauraronmu daga Zariya, wadda za ta kai 'ya'yanta hutu Landan, ta aiko tana tambaya: shin gidan tarihin marubuci Roald Dahl ya kai a ɓata masa yini guda?

To Hajiya, amsar tana ga shekarun yaran. Gidan yana ƙauyen Great Missenden, tafiyar kamar minti 45 a jirgin ƙasa daga tashar Marylebone. A ƙauyen ne Dahl ya zauna shekara 36, har ya rasu a 1990, aka kuma buɗe gidan tarihin a 2005.

Ba irin gidan tarihin da ake cewa "kalla, kada ka taɓa" ba ne. Yara na taɓawa, su ƙirƙiri kalmomi, su tsara labarinsu. Abin da ya fi burge ni shi ne kayan 'yar bukkar da yake rubutu a cikinta, waɗanda aka kwaso daga lambunsa: tsohuwar kujerarsa, da katakon da yake ɗorawa a cinya, da fensiransa masu ruwan ɗorawa. A bukkar ce aka rubuta littafin Matilda, wanda ya fito a 1988.

Sai dai wurin ƙarami ne, awa biyu kin gama. In yaran 'yan firamare ne kuma sun san littattafansa, ku je. In sun zama samari da 'yan mata, Hajiya, ajiye kuɗin jirginki, ki kai su British Library, inda shiga zauren tsofaffin littattafai kyauta ne.