Me Ya Sa Ganye Yake Sauya Launi?

Littattafan kimiyya da yawa suna nuna hoton itatuwan Ingila da Amurka sun zama ja da rawaya kafin sanyi. Yara sukan haddace bayanin, su ɗauka abin na ƙasashen Turawa ne kawai. Alhali kuwa darasin yana nan tsaye a bakin hanyar Samaru zuwa Sabon Gari.

Ganye shi ne madafar itace. A cikinsa akwai wani koren sinadari, kulorofil, wanda yake kama hasken rana ya haɗa abinci daga ruwa da iska. Akwai kuma sinadari mai launin rawaya, dangin wanda ke cikin karas da manja, amma koren ya rufe shi.

A Turai, gajarcewar yini da sanyi ne suke sa itace ya daina ciyar da ganyensa. A nan kuwa ƙishirwa ce. Ruwan da Samaru take samu, kimanin milimita 1,000 a shekara, yakan ɗauke a watan Oktoba, sai hunturu ya shigo da busasshiyar iska. Ganye yana fitar da ruwa ta ƙananan ƙofofi, saboda haka itacen da ya riƙe ganyensa duka zai yi asara. Sai ya rusa kulorofil, ya janye abin amfanin zuwa rassa, ya toshe gindin ganyen. Kore ya tafi, rawaya ta bayyana, ganye ya faɗi. Ja kuwa, irin na ganyen almon, sabo ne itacen yake haɗawa, dangin jan zoɓo.

Gani ya kori ji. Mu sa yara su daka ɗanyen ganye, su zuba sifirit kaɗan, nesa da wuta, sannan su tsayar da farin alli a ciki. Ruwan zai hau allin, kore da rawaya su rabu. Da garin alli masanin tsirrai na Rasha, Mikhail Tsvet, ya raba launukan ganye, ya buga sakamakon a 1906.

Daga nan mu fita da su waje. Kuka da rimi suna tsayawa tsirara da rani. Gawo kuwa da damina yake kaɗe ganyensa, ya yi kore da rani, domin saiwarsa tana kaiwa ga ruwa mai zurfi. Shi ya sa gero yake kyau a ƙarƙashinsa, awaki kuma su sami 'ya'yansa lokacin da ciyawa ta ƙare.

Yaron da ya gane wannan ba zai ga itace babu ganye ya ce ya mutu, ya ɗauko gatari ba. Zai kankare ɓawon reshe da farce, in ya ga kore, ya san da rai, damina yake jira. Allah ya ba mu amanar itatuwan nan. Mu koya wa ƙannenmu sunansu da halinsu, domin su riƙe ta.