Kwamfutar Tafi-da-gidanka da Amanar Bayanai a Tafiyar Bincike Zuwa Ƙetare

Manazarcin Hausa da ke shirin zuwa ɗakin karatu na SOAS a Landan, ko taron ƙara wa juna sani a Amurka, yakan yi nazarin ko ya dace ya tafi da kwamfutarsa. Hujjar ɗaukarta a bayyane take: da wuya a tarar da kwamfutar ɗakin karatu a can wadda aka saita wa baƙaƙe masu ƙugiya (ɓ, ɗ, ƙ), kuma rashinsu kan mayar da "ƙasa" ta koma "kasa".

Dokokin jirage kuwa sukan sauya. A watan Maris na 2017 Amurka ta hana fasinjojin da suka taso daga filayen jirgi 10, ciki har da Alƙahira da Istanbul da Dubai, shiga da kwamfuta wurin zamansu, kafin ta janye dokar a watan Yuli.

Sai dai abin da ya fi cancantar kulawa shi ne abin da na'urar ta ƙunsa. Jami'an kan iyakar Amurka suna da ikon bincikar ta ba tare da sammacin kotu ba. Idan tana ɗauke da muryoyin mutanen da aka yi hira da su bisa alkawarin sakaya suna, kamar matan kulle ko 'yan bori, sirrinsu ne aka fallasa. A ganin wannan nazari, gara a tafi da kwamfutar da aka kwashe wa irin waɗannan bayanai, a bar su gida a ma'ajiyar da aka kulle da kalmar sirri.