TSOHUWAR TARAKTA MAI SHAN DIZAL: YADDA ZA A GANE DARAJARTA KAFIN A SAYA

Sabuwar tarakta ta fi ƙarfin ƙaramin manomi. Saboda haka manoma da yawa sukan haɗa kuɗi a ƙungiya su sayi ta hannu, su yi huɗar gonakinsu da ita, sa'an nan su ba da haya. Dabara ce mai kyau, amma tana da haɗari. In aka sayi marar lafiya, kuɗin jama'a ya salwanta, lokacin huɗa kuma ya wuce.

Sau da yawa dillali yakan ce, "Ai irin wannan ba a samunta yanzu, ita kaɗai ta rage," domin ya ɗaga kuɗi. Manomi, ka yi hattara da wannan magana. Wuyar samu daban, amfani a gona daban.

MASU SAYE IRI BIYU NE

A Ingila da Amurka da Jamus akwai masu tara tsofaffin taraktoci don sha'awa. Sukan gyara su, su ajiye, su fito da su ranar baje koli. Ga abin da ke sa tarakta tsada a wurinsu:

1. A ce kaɗan aka ƙera irinta.
2. A ce injinta da sauran kayanta na asali ne, ba a canja ba.
3. A ce lambar kamfani tana jikinta, takardunta kuma suna nan.

Misali, daga 1958 wani kamfani a Ingila mai suna Ernest Doe ya riƙa haɗa Fordson Major biyu, ya cire musu ƙafafun gaba, ya mai da su tarakta ɗaya mai inji biyu. Ana kiranta Doe Triple-D. Ɗaruruwa kaɗan aka yi, shi ya sa take tsada ƙwarai a wurin gwanjo. Akwai kuma Field Marshall mai silinda ɗaya, wadda aka ƙera daga 1945 zuwa 1957. Ita ana tashinta da takarda mai cin wuta a hankali, sa'an nan a juya ta da hannu.

To, mai sha'awa, in ƙarfe ɗaya ya lalace, yana iya jiran shekara guda kafin ya samu. Kai kuwa damina ba ta jiranka. Abin da ya sa tarakta tsada a wurinsa, watau ƙarancinta, shi ne aibinta a wurinka. Darajar tarakta ga manomi tana ga abu biyu: lafiyarta, da sauƙin samun kayan gyaranta.

WACE IRI CE TA FI DACEWA?

Nemi wadda aka ƙera da yawa. Ferguson TE20, 'yar ƙarama mai ruwan toka, an yi fiye da rabin miliyan a birnin Coventry tsakanin 1946 da 1956, amma da yawansu fetur ko kananzir suke sha. Mai shan dizal sai a 1951 ta fito. Ka tabbatar da irin man da tarakta ke sha tun kafin a fara ciniki.

Massey Ferguson 35 mai shan dizal iri biyu ce. Ta farko tana da silinda huɗu, kuma an san ta da wuyar tashi da sanyin safiya. Daga 1959 aka sa mata injin Perkins mai silinda uku, wanda ya fi sauƙin tashi. Jiki ɗaya ne, amma daraja ba ɗaya ba. Kama da wane ba ta wane. Ƙirga nozul ɗin da ke kan inji, za ka san yawan silinda.

Massey Ferguson 135 da 165 sun fito a 1964. Ta 135 tana da silinda uku da ƙarfin doki wajen 45. Ta 165 tana da silinda huɗu, ta fi ƙarfi. Masana'antar Coventry ta daina ƙera tarakta a 2002, amma ƙirar ba ta mutu ba, domin kamfanin Millat na Pakistan ya ci gaba da yin MF 240 da MF 375. Injin MF 240 ɗan gida ɗaya ne da na 135, shi ya sa kayan injin ba su yanke ba.

Akwai kuma Ford, da Fiat, da Steyr wadda aka riƙa harhaɗawa a Bauchi. Ko wace iri aka kawo maka, kada ka dogara da suna. Rubuta sunanta da lambarta, ka tafi wurin masu kayan gyara, kamar Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ko kasuwar da ta fi kusa da ku. Tambayi kuɗin fistin da ringi, da nozul, da faifan kuloci, da famfon haidirolik. In mutum uku suka ce sai an yi oda, bar wannan tarakta.

YADDA AKE DUBA TA

Kada a yi cinikin biri a sama. Tafi da makaniken da ya san tarakta, wanda ba abokin dillali ba. Ku isa da sassafe.

1. Taɓa inji. Lalle ne ya kasance da sanyi. In ka iske shi da zafi, an riga an tashe shi don a ɓoye wuyar tashi. Koma washegari.

2. Zaro sandar awon baƙin mai. In man ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwa yana shiga cikinsa.

3. Kafin inji ya yi zafi, buɗe murfin lagireto. In ka ga mai a kan ruwa, ko kumfa tana tasowa bayan an tashi inji, gaskit ya ƙone ko kan inji ya tsage. Kada a buɗe murfin nan in inji ya yi zafi, ruwan yana ƙona mutum.

4. Dubi hayaƙin salansa bayan inji ya ɗumama. Shuɗi-shuɗi, inji yana cin baƙin mai, ringi sun gaji. Baƙi, ko matatar iska ta toshe, ko nozul da famfon mai suna son gyara. Farin da ba ya ɗaukewa, ko ruwa na shiga silinda, ko mai ba ya ƙonewa sosai.

5. Dubi ɗan bututun numfashi da ke gefen inji. In yana huci da hayaƙi mai yawa, inji ya kusa neman babban gyara.

6. Ɗaura garma, ɗaga ta sama, kashe inji. In ta sauko nan da nan, haidirolik yana yoyo daga ciki. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin garmar da aka ɗaga.

7. Gwada kowace giya, har ta baya. Kada ta fita da kanta. Taka birkin hagu da na dama ɗaya bayan ɗaya. Kunna sandar baya mai juya injin casa ko famfon ruwa, ka ga tana kamawa tana saki.

8. Juya sitiyari. In ya yi tafiya mai nisa kafin ƙafafun gaba su motsa, akwai gyara.

9. Nemi walda a jikin inji da akwatin giya. Irin waɗannan taraktoci ba su da sasi kamar mota, inji da akwatin giya su ne ƙashin bayansu. Tsagewa a nan babban aibi ne.

10. Dubi tayoyin baya, haƙoransu da gefensu. Suna cikin kaya mafi tsada a jikin tarakta.

11. Daga ƙarshe a shiga gona a yi huɗa kamar rabin sa'a. Gani ya kori ji.

FENTI DA AGOGO

Sabon fenti ba lafiya ba ne, wani lokaci ma tsaga yake rufewa. Agogon da ke ƙirga sa'o'in aiki shi ma ana canja shi, ko ya tsaya shekara da shekaru. Dubi matakin kuloci da na birki, da ramin ƙarfen da ake jan tirela. In sun side ƙwarai, tarakta ta sha aiki, ko me agogo ya nuna.

LAMBA DA TAKARDU

Kamfani yakan manna wa kowace tarakta ɗan faifan ƙarfe mai lambarta. Da wannan lamba ake gane shekarar da aka ƙera ta. Inji ma yana da tasa lambar. Gwada su da abin da ke cikin takardu. In an kankare lamba ko an cire faifan, janye jikinka, tana iya zama ta sata. A rubuta takardar ciniki gaban shaidu, da sunan ƙungiya, ba da sunan mutum ɗaya ba.

LISSAFIN KUƊI

Kuɗin da mai ita ya faɗa ba shi ne kuɗin tarakta ba. Haɗa waɗannan: kuɗin saye, da la'ada, da kuɗin kawo ta gida, da gyaran da makanike ya lissafa, da taya da batir in ana bukata. Jimlar nan ita za ka gwada da ta wata taraktar. Sau da yawa mai araha ita ce mai tsada. Kada ƙungiya ta zuba duk abin da ta tara, a rage na mai da na gyaran farko. A saya da rani, domin a gama gyara kafin ruwan fari.

IN KUNA DA TSOHUWA A AJIYE

Kada a yi gaggawar sayar wa 'yan gwangwan da awon kilo. Injinta, da akwatin giya, da ƙafafunta suna iya fin haka kuɗi wurin makanikai. In irinta ba ta da yawa, a rubuta lambarta a bincika tukuna, kuma kada a cire faifan. Amma kada a sa rai da yawa, masu sha'awar nan suna nesa, kuɗin jirgin ruwa kuma yana iya cinye ribar.

A TUNA

Sayi wadda makaniken garinku ya sani.
Sayi wadda kayanta ke kasuwa.
Gwada ta da sanyi, gwada ta a gona.

Don ƙarin bayani, tuntuɓi malamin gona na yankinku.