Darasin Dillalai: Faɗuwar Kuɗin Motar Tsere ta Hannu

To jama'ar kasuwa, darasinmu na wannan fitowa a kan wata haja ne wadda ba kullum take shigowa hannun dillali ba, amma ranar da ta shigo, ko dai ta ɗaga shi ko ta kwantar da shi. Muna nufin motocin tsere na alfarma, masu kujera biyu, masu jan ciki a ƙasa kamar kunkuru, irin su Ferrari da Lamborghini na Italiya, da Porsche ta Jamus, da McLaren ta Ingila. Kasuwarsu ta ainihi tana Turai da Amurka da Dubai. Can ake yanka musu farashi, da dala da fam da yuro. Nan wajenmu 'yan tsiraru ne ke isowa Legas da Abuja, jefi-jefi Kano. Amma tun da yake maigida yakan kira dillalinsa ya nuna masa hoto ya ce, "Nemo mini irin wannan, ta hannu," ya kamata a san lissafin kafin a buɗe baki a taya.

Ka sani, ya kai ɗan'uwa, abin da aka biya ranar saye ba shi ne kuɗin motar ba. Kuɗinta shi ne abin da ya ɓace tsakanin ranar saye da ranar sayarwa, a haɗa da abin da ta ci tana hannunka. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Abin tambaya shi ne, nawa za ta zubar, kuma a cikin wata nawa.

Ga misali daga inda ake rubuta irin wannan lissafi. Wani kamfani a Amurka mai suna iSeeCars, wanda aikinsa bin farashin motoci, ya fitar da ƙididdiga a 2023 ta motoci 'yan shekara 5. Matsakaiciyar faɗuwa ita ce kashi 38.8 cikin 100. Porsche 911 ta faɗi da kashi 9.3 kacal, ita ce ta fi kowace mota riƙe kuɗinta. Maserati Quattroporte kuwa, babbar motar alfarma mai ƙofa 4 daga Italiya, ta faɗi da kashi 64.5, ita ce ta ƙarshe. Wato wanda ya zuba dala 100 a ta farko ya kwashi 90 da 'yan kai bayan shekara 5, wanda ya zuba a ta biyu ya tashi da 35 da rabi. Dukansu biyu motocin manya ne, dukansu suna sa a waiwaya a titi. Sai dai a lura, an yi wannan lissafi ne a bayan ƙarancin sababbin motoci na 2021 da 2022, lokacin da na hannu suka yi tsadar da ba a saba gani ba. Kada a ɗauki kashi 9 ɗin nan a matsayin alkawari.

Me ya raba su? Mai saye na gaba ne. Ita 911 tun 1964 ake sayar da ita, siffarta ba ta sake sosai ba, masu nemanta suna da yawa, makanikan da suka san cikinta suna ko'ina a Turai da Amurka. Ita kuwa ɗayar, mai saye na biyu yana tsoron gareji. Duk motar da ake tsoron gyaranta, wannan tsoro a cikin farashi yake fita.

Yadda faɗuwar take tafiya kamar gangara ce. Shekara 2 ko 3 na farko ne take zubewa da ƙarfi, mai saye na farko shi ke shan wannan duka. Daga nan sai ta lafa, tana sauka sannu-sannu, har ta kai wani wuri ta tsaya. Kaɗan daga ciki sukan juyo su hau. Dillali mai hankali yana neman motar da ta gama gangarowa, wani ya riga ya biya hasarar. Amma fa gane inda gangarar ta ƙare shi ne aikin, don kuwa arahar da aka gani yau tana iya zama tsadar gobe.

Nan ne labaran gwanjo ke ruɗin mutane. Za ka ji an ce an sayar da Ferrari 250 GTO dala miliyan 48.4 a gwanjon Monterey na Amurka a 2018, sai wani ya ce ai motar tsere ba ta faɗuwa. Haba malam! Guda 36 kawai aka ƙera irinta, tsakanin 1962 da 1964, ba kuwa za a ƙara ba. Dubi Lamborghini Gallardo: guda 14,022 aka yi daga 2003 zuwa 2013. Idan ka ce albarka, mai saye ya matsa gaba, akwai wasu ɗaruruwa a kasuwa ranar nan. Hajar da ke da 'yan'uwa dubu 14 ba za a yi mata lissafin wadda ke da 35 ba.

Ko wadda aka ce ba ta da yawa ma, a bincika. Da Ferrari ya fito da F40 a 1987, cewa aka yi guda 400 za a yi. A watan Agusta na 1988 mai kamfanin, Enzo Ferrari, ya mutu, sai 'yan kasuwa suka yi caa a kan motocinsa, ana saye don a ajiye, farashin F40 ya ninka na kamfani. Shi kuwa kamfani da ya ga ana so, ya ci gaba da ƙira har ya wuce 1,300. A farkon shekarun 1990 kasuwar ta karye, waɗanda suka saya a sama suka kwana a ciki. Daga baya ta sake hawa, ta wuce inda take da, amma wanda ya ci bashi ya saya a 1989 bai iya jiran wannan rana ba. Duk wanda ya taɓa ɓoye hatsi da tsada, sabo ya shigo ya same shi da buhuna, ya san wannan ciwo.

Yanzu maganar gyara, wadda ita ce rabin darasin. Ɗauki Ferrari F355, wadda aka yi daga 1994 zuwa 1999. A cikin injinta akwai bel na roba mai haƙora, shi ke daidaita bawul da fistin. Roba ce, tana tsufa ko an hau motar ko ba a hau ba, saboda haka ana sake shi bayan 'yan shekaru. Idan ya tsinke, bawul ya haɗu da fistin, inji ya tafi. To a wannan mota, yadda kamfani ya tsara, sai an sauke injin gaba ɗaya kafin a sake bel ɗin. A 360 Modena da ta gaje ta a 1999, sai aka yi wata kafa bayan kujeru, ana sakewa ba sauke inji. A F430 ta 2004 kuwa sarƙa aka sa maimakon bel. Ka ga motoci uku, gida ɗaya, amma nauyin riƙonsu ba ɗaya ba. Idan aka kawo maka F355 biyu, ɗaya an yi mata wannan aiki bara da rasit a hannu, ɗaya mai ita yana cewa "ai lafiyarta lau," to kuɗin aikin nan duka sai a cire shi daga tayin ta biyu. In ba ka cire ba, wanda za ka sayar wa zai cire maka.

Shi ya sa a wannan kasuwa takarda haja ce. Littafin gyara mai hatimin gareji, shekara bayan shekara, yana ƙara wa mota kuɗi fiye da sabon fenti. Tun 2011 Ferrari yana bai wa sababbin motocinsa gyaran ƙa'ida kyauta na shekara 7, kuma yana bin motar ne ko ta sake hannu. Saboda haka 'yar shekara 4 tana da sauran 3 a gaba, 'yar shekara 7 kuwa daga ranar nan aljihunka ne. Amma wannan gata sai inda kamfani ke da wakili. Haka kuloci: a motoci irin Gallardo masu giyar da ake taɓawa a bayan sitiyari, makaniki yana iya jona kwamfuta ya karanta saura nawa ya rage. A nemi wannan lamba kafin ciniki.

Wani abin mamaki, giyar hannu da a da ake gani ta talaka, ita ce yanzu mai tsada a cikinsu. Ferrari da Lamborghini sun daina yinta, waɗanda aka yi ba su da yawa, saboda haka F430 mai giyar hannu ta fi 'yar'uwarta kuɗi nesa ba kusa ba.

Mil ɗin da ta ci ma ana dubawa ƙwarai, fiye da yadda ake yi wa motar haya. Hawa yana rage kuɗi, ajiyewa kuma yana busar da robobi, ya kashe batir, taya ta tsufa a tsaye. Kowace hanya aka bi akwai biya.

Sai mu zo gida, inda lissafi ya fi rikicewa saboda naira. A ce Alhaji ya sayi mota dala 100,000 a farkon 2023, lokacin da 'yan canji a Wapa ke sayar da dala wajen naira 750. Uwar kuɗi miliyan 75 ke nan. A watan Yuni na shekarar gwamnati ta saki naira, a 2024 dala ta haura 1,500. A ce motar ta faɗi zuwa dala 80,000, ya sayar a kan canjin 1,500. Ya karɓi miliyan 120. Yaransa suna murna, Alhaji ya ci ribar miliyan 45. Ina! Ya je ya sayi dala 100,000 ɗin da ya fitar mana, zai ga sai ya cika miliyan 30 daga aljihu. Ba a sa kuɗin jirgi da na kwastan ba, ba a sa taya da birki da aka yi oda daga waje ba. Da kuɗin da aka saya, da shi ake auna riba.

Bayan wannan, wa zai saya? Corolla ko Hilux ka ajiye a bakin titi, kafin mako ya zagayo an taya sau goma. Mai sayen Lamborghini ta hannu a ƙasar nan ana iya ƙirga su, yawancinsu kuma sun fi son su yi oda da kansu. Wata 6 tana tsaye ƙarƙashin rumfa, jarinka yana kwance, wannan ma faɗuwa ce ko da farashi bai motsa ba. Ga tudun rage gudu da ramuka suna kankare mata ciki, mai duba kuwa ƙasa yake fara leƙawa. Wadda aka ɗauko daga Ingila ko Japan mai sitiyari a dama, a bar ta can komai araharta. Tun 1972 muka koma tuƙi ta hannun dama, dokar hanya ba ta yarda da irin wannan sitiyari ba, juya shi kuma ya gama kashe darajar motar a kowace kasuwa.

A kula da 'yan gwanjon haɗari na Amurka. Motar da kamfanin inshora ya biya mai ita ya kwashe, ko don karo ko don ambaliya, ana rubuta hakan a takardarta. Ana gyara su su yi fes, amma kowace mota tana da lambar jiki mai harafi da lamba 17, kuma da ita mai saye zai nemi tarihinta a intanet daga kamfanoni irin su Carfax cikin minti kaɗan. Idan haɗarin ya fito, tayi ya zube, masu tayin ma su ragu. Kai ka fara dubawa, ka gaya wa maigida gaskiya tun ba a biya ba.

Shawararmu ga dillali, kada ya sa jarinsa a irin wannan haja don ya ajiye yana jiran mai so. A yi ta bisa oda. A karɓi kafin alƙalami mai kauri, a rubuta farashi da dala, a rubuta wanda zai ɗauki bambancin canji idan ya motsa kafin jirgi ya iso, da wanda zai biya makanikin da zai duba ta can kafin a ɗora. La'ada ma a yanke ta a takarda tun ranar, gaban shaidu biyu, a faɗi ko da naira ce ko da dala.