Idan Bashi Ya Yi Nauyi: Gargaɗi Ga Mutanen Malanbil Da Kewaye

Jama'a, bashi hanji ne, yana cikin kowa. Manomin shinkafa a fadamar Kwara na cinsa don taki, ɗan kasuwar albasa a Malanbil na cinsa don jari. Amma tun da aka rufe gadar da ta haɗa Malanbil da Gaya bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, ciniki ya ja baya, mutane da dama suka kasa biya a kan lokaci. Ga abin da ya kamata mai irin wannan hali ya sani.

Da farko, ka san nauyin da ke kanka. A ce ka karɓi jaka 50 wurin mai ba da kuɗi da ruwa, kana ba shi jaka 5 kowane wata, uwar kuɗi na nan daram. Kashi 10 cikin ɗari ke nan a wata, kashi 120 a shekara. Alhali ƙa'idar da ƙasashen sefa na Afirka ta Yamma suka fara aiki da ita a 2014 ta hana asusun ba da rance na talakawa, irin su CLCAM, wuce kashi 24 a shekara. Ka ga an ninka maka sau biyar. Wanda ya karɓi ruwa fiye da abin da doka ta yanke, shi ne mai laifi. Haka kuma mai ba ka kuɗi da damina don ka biya da buhunan shinkafa da kaka: ka lissafa kuɗin buhu ran girbi kafin ka amsa.

Na biyu, kada ka ɓuya. Wanda ya kashe waya, ya riƙa zagayawa ta bayan rumfuna don kada su haɗu da mai binsa, ya mai da kansa macuci a idon jama'a. Tun wa'adi bai cika ba, ka nemi dattijo ko liman ya raka ka. Ka ce: "Alhaji, kuɗinka na wuyana, ban musa ba. Ga jaka 10 yau, saura a raba mini a ranakun kasuwa." Mafi yawan masu bin bashi kuɗinsu suke so, ba rigima ba. Addini ma ya umarci a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci.

Na uku, duk abin da aka shirya a rubuta shi gaban shaidu biyu, kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta koyar. Kowane biya ka karɓi takarda. Kada ka dangwala yatsa a kan abin da ba a karanta maka ba, kada kuma ka jinginar da gona ko shanun huɗa, domin da su za ka biya.

Na huɗu, kada ka ci sabon bashi don toshe tsoho, kada kuma ka bi masu alkawarin ninka kuɗi. Mutanen Benin ba su manta da ICC Services ba, wanda ya rushe a 2010 da dukiyar dubban jama'a.

In mai bin bashi ya yi maka barazana ko ya ƙwace kayanka da ƙarfi, kai ƙara wurin mai gari ko 'yan sanda. Ƙwace kaya aikin kotu ne. Kai kuma, duk ranar da ka yi alkawari, ka cika, ko da kaɗan ne.