Kuɗin Mota A Matsayin Ma'aunin Darajar Wurin Shaƙatawa: Misali Daga Argungu

Buhun gero a kasuwar Shinkafi farashinsa sananne ne, domin ciniki ke yanke shi. Amma kogi ko dutse ko dandalin biki ba a kasa su a faifai, balle a taya. Wannan maƙala za ta bayyana hanyar da masana tattalin arziki ke bi su ƙiyasta darajar irin waɗannan wurare.

Harold Hotelling ne ya fara kawo wannan dabara a 1947, cikin wasiƙar da ya aika wa hukumar gandayen shaƙatawa ta Amurka. Daga bisani Marion Clawson ya faɗaɗa ta a 1959. Tushenta shi ne, abin da mutum ya kashe kafin ya isa wuri, watau kuɗin mota da guzuri da masauki da ranakun aikin da ya bari, shi ne farashin da ya yarda ya biya.

Alal misali, a ɗauki bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka soma a 1934, UNESCO kuma ta sa shi cikin al'adun gado na duniya a 2016. Mai nazari zai kasa baƙi gwargwadon nisan garuruwansu. Mutumin Sakkwato tafiyar kimanin kilomita 100 ce gabansa. Mutumin Jangeru kuwa sai ya kai Sakkwato tukuna, saboda haka kuɗinsa ya fi yawa. Sai a ƙidaya mutum nawa suka zo daga cikin kowane dubu na kowane yanki. Yadda adadin ke raguwa in kuɗin tafiya ya ƙaru, shi ke nuna yadda jama'a za su janye in an ɗora kuɗin shiga. Daga nan ake lissafa darajar wurin baki ɗaya.

Sai dai dabarar tana da rauni biyu. Na farko, falken da ya je cin kasuwa ya tsaya kallo, ba a jingina wa bikin dukan kuɗinsa. Na biyu, wanda tsoron 'yan bindiga a hanyoyin Zurmi da Shinkafi ya hana fita ba ya shiga ƙidaya, alhali bikin bai rage ƙima a idonsa ba.

Don haka hukumar da ta ga baƙi sun ragu, kafin ta rage kuɗin kula da wuri, wajibi ne ta binciki halin da hanya take ciki.